Gwajin da Aka Dawo da Shi Ƙarfe Takwas

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara. Na rubuto ne don in na buɗe baki a gabanki, ba daɗi za ki ji ba.

Ran Talata na isa aji ƙarfe goma, na tarar kuna fitowa daga gwaji. Wai an dawo da shi ƙarfe takwas, an sanar a guruf ɗin aji na waya. Ashe kowa yana ciki, har ke, ban da ni.

Tare muka shiga jami'ar nan da furfurarmu. Amma ke yaran nan Anti suke ce miki, kuna zaune a matakala kuna shewa. Ni Mama ce, ina shigowa sai a ba ni kujerar gaba a yi tsit. Ina jin haushi, Auta, ina kishinki, ba zan ɓoye ba.

Malam ya ce ba zai sake min gwaji ba sai wani ɗan aji ya rubuta shaida cewa saƙon bai iso ni ba. In ba haka ba sai baɗi, kuma hutun karatun da ofis ya ba ni bana zai ƙare.

Ki gaida maigidan.
Yayarki

Yaya,

Na ga takardarki, ina gaisuwa.

Kunyarki yaran suka ji, shi ya sa ba su sa ki ba. Shirmen da suke turawa ba na idonki ba ne.

Sauran kuwa laifina ne. Na ga saƙon tun ran Litinin ina kan keken ɗinki. Na nemo lambarki, sai na kife wayar. Kin tuna gwajin farko? Malam ya ɗaga takardarki ya karanta wa aji, tawa kuwa ninke ta na yi na cusa a jaka. Tun muna yara Baba yake cewa ke ce mai kan karatu, ni kuma a saya min allura. Na so sau ɗaya in riga ki.

Anti ɗin da kike kishi, zip ɗinsu nake gyarawa. Babu wanda ya taɓa cewa in yi masa bayanin darasi.

In na rubuta shaidar, sai na faɗa wa Malam na sani na yi shiru. Ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Ki yafe min in za ki iya.
Auta

Auta,

Malam ya kira ni ya nuna min shaidar da kika rubuta. Layi biyu ya nema, kika cika shafi biyu. Ran Alhamis zan yi gwajin.

Kada ki sa a saka ni a guruf ɗin nan, ke dai ki dinga kirana.

Har yanzu ban huce ba. Ki zo ran Asabar da hantsi, ki taho da littafinki. Na lura babi na huɗu bai shige ki ba.

Yayarki