Na ce wa surukina dubu uku, ya ji ta Kano

Gwaggo Ɗela, don Allah ki taimake ni, kwana tara suka rage kuma ko abinci ba ya shiga mini. Ni malamin lakwal ne, wato makaranta, a Dantchiao, matata 'yar Kano ce. Ƙanenta zai auri wata yarinya a Damagaram ƙarshen Disamba, sai mahaifinsu ya ce tunda ni ne ɗan ƙasa, in nemo musu masauki. Kin san ƙarshen shekara, an gama kaka, an yi hutu, kowane gida biki. Na hau mota na je, na yini ina yawo, ko'ina sai a ce ya cika. Da ƙyar na samu wani otel mai tsabta, ɗaki dubu uku kwana ɗaya.

Nan take na kira Alhaji surukina na ce masa dubu uku. Ni dala nake nufi, kowace dala sefa biyar, yadda muke lissafi tun muna yara, wato jika goma sha biyar. Shi kuma ya ɗauka sefa dubu uku ce, jika uku ke nan. Ya yi ta sa mini albarka, ya ce arha haka ai sai a kama ɗaki huɗu na kwana uku, a ƙara da gwaggonnin ango. Ni kuma kaina ya kumbura, ban tsaya na yi tunani ba. Sai da ya turo jika talatin da shida na gane abin da ya faru. Kuɗin ɗakunan jika ɗari da tamanin ne, Gwaggo. Albashina bai kai haka ba.

Na riga na ba mai otel abans, wato kafin alƙalami, jika ashirin. Matata ba ta sani ba, ita ma sai fahariya take wa 'yan uwanta a waya wai mijinta ya san gari. Ina da buhunan gyaɗa da muka ajiye na cefanen rani, ina tunanin in sayar in cika a ɓoye. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Tsorona kada dattijon nan ya ɗauka na yi masa wayo ne, ko kuma ni sakarai ne. Me zan yi?

Ɗanki cikin damuwa, Dantchiao

Ɗana, ka bar gyaɗar nan inda take. Kwana uku za a yi ana biki, ku kuwa rani na gabanku.

Ba ka yi ƙarya ba, shi ma bai yi kuskuren ji ba, kowa ya ƙirga da bakin garinsu. Laifinka guda ne: ka gane ka yi shiru. Fara da matarka, ita ta san yadda ake shiga wurin mahaifinta.

Sannan ka koma Damagaram da ƙafarka, don a waya ba a ragi. Ka ce wa mai otel ɗaki biyu kake so, kwana uku a haɗe, ya sauko. Ka nemi ɗaki mai fanka, wa ke buƙatar na'urar sanyi a Disamba? Ka tambayi abokan aikinka gidajen saukar baƙi na ma'aikatu da ƙungiyoyi, da ƙananan masaukai na bayan gari, sun fi arha kuma ba su cika saurin cika ba. Gwaggonni kuwa, dangin amarya su ya kamata su sauke su, wataƙila ma su ji haushi in aka kai su otel. Duk farashin da aka faɗa maka, ka maimaita shi da jika, a rubuta maka a takarda.

Ka kira Alhaji yau, kafin ya ƙara gayyato wasu. Zai yi mamaki, ƙila ya yi faɗa, ƙila ya yi dariya. Amma gara ya ji daga bakinka yana zaune a gidansa, da ya ji daga bakin mai otel yana tsaye da jakunkuna, mata na bayansa. Allah ya sassauta maka, ya sa a yi biki lafiya.

Gwaggo Ɗela