Hoton Kaina da Sunan Ƙanena

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ne Sada ɗan Malam Iro Maɗinki, na unguwar Gobarau cikin birnin Katsina. Ina rubuta wannan da hannuna yau Laraba bayan la'asar, cikin watan Rajab na shekarar 1446, da hankalina cikakke, babu wanda ya sa ni, babu wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafuna sun daɗe da daina jin maganata, zuciyata kuma likita ya ce ta gaji, amma tunanina yana nan daram. Na shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Manzonsa ne. A kan haka na rayu, a kan haka nake fatan cikawa.

Zuwa gare ku ɗiyana, Mudassir da Lailatu da Umair. Ku karanta wannan a gaban mahaifiyarku Hajiya Safara'u da Baffanku Nu'uman. Limamin masallacinmu da ladan su ne shaiduna.

Na ɗaya. Ban bar rigima ba. Gida da gonar hanyar Jibiya da abin da ke cikin shago, a kira malamai su raba yadda Allah Ya raba. Ba ni da ikon fifita ɗayanku a gado, kuma ba na so. Abin da zan ambata a ƙasa daga cikin sulusin da shari'a ta bar mani ne, ga waɗanda ba magada ba. Shekarata saba'in da biyu. Na ci, na sha, na sauke farali, na ga jikoki. Kada kowa ya ce rashin ƙafa ya rage mani wani abu. Shekara goma sha biyar da na yi a zaune a zaure su ne na fi sanin mutane a cikinsu, domin mai tafiya gaisuwa kawai yake yi, mai zama shi ake ba labari.

Na biyu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Kun san Baffanku ya bar gidan nan tun Mudassir yana goye, bai dawo ba sai shekara shida da suka wuce. Kun ji abin da unguwa ke faɗa. Ba ku taɓa jin gaskiyar daga bakina ba, to ga ta.

Ni da Nu'uman mun gaji shagon ɗinkin mahaifinmu. Na girme shi da shekara takwas, amma ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Wuyan rigar da ya yi wa aiki, ko a taron biki ana gane ta. Yana da shekara ashirin da shida sai tafiyarsa ta canza. Ƙafafun suka yi tauri, yana jan yatsu a ƙasa, gwiwoyi na haɗuwa, yana tangaɗi. A kan keken ɗinki ƙafarsa takan ƙage a kan feda, keken ya ruga da kansa, ɗinki ya karkace. Wata rana ya ɓata shaddar wani ango ana saura kwana biyu ɗaurin aure. Wata Juma'a kuma ya faɗi a ƙofar masallaci a gaban jama'a. Mutane suka fara raɗa cewa yana sha. Abin da ya ƙara ƙarfin zancen, yana da aboki a Sabon Layi, Joseph, Kirista mutumin Zonkwa mai gyaran fanka da injuna, kullum yana wurinsa.

Na kira shi cikin zauren nan. Ya ce mani, "Yaya, wallahi ban taɓa kai ta bakina ba. Ƙafafun ne ba sa zuwa inda na aike su." Na ce mashi mai sha ba ya rasa rantsuwa. Na karɓe makullin shago. Bai yi mani musu ba, ya naɗe tabarmarsa ya fita yana dafa bango. Yarinyar da aka yi mashi baiko da ita, iyayenta suka mayar da kaya kafin sati ya zagayo. Bai sake neman aure ba.

Mahaifinmu ya yi ƙarshen rayuwarsa da sanda biyu, muka ce sanyi ne. Gwaggonmu ta Ƙofar Guga da rarrafe ta ƙare, muka ce tsufa ne. Duk suna gabana, ban haɗa su da Nu'uman ba, domin na riga na yanke hukunci.

Na kai hamsin da bakwai lokacin da tawa ƙafar ta ƙage a kan feda ɗaya da tasa. A ranar zuciyata ta faɗa mani gaskiya, girman kai ya danne ta. Shekara tara ina shan jiƙo da sassaƙe, ina cewa sanyi ne irin na Malam. Ke Lailatu, da kika gama karatun jinya, ke ce kika ƙi yarda. Kika ɗauke ni zuwa asibitin koyarwa a Kano, aka kwantar da ni, aka tura ni cikin na'urar nan mai kama da rijiyar da aka kwantar, wadda suke kira Em-ar-ai, tana bugu a kunnena kamar maƙera. Bayan kwana biyu likitar jijiya ta zaunar da mu, ta haska hoton. Na ga cikin kaina da idona. Ta nuna mani farin sashe na ƙwaƙwalwa, ta ce zaruruwa ne masu kai saƙo daga kai zuwa gangar jiki, mafi tsawonsu su ne masu sauka zuwa ƙafafu. Ta ce nawa sun sirance, sun koɗe a wasu wurare. Ni maɗinki ne, na san yadda zare ke yi idan ya ci.

Ta ce hoto shi kaɗai ba ya yanke magana. Ta ƙwanƙwasa gwiwata, ta sa na taka, sannan ta tambaye ni ko akwai mai irin tafiyar nan a danginmu. Na ce mahaifina. Na ce gwaggona. Ta ce, "Baba, babu wani kuma?" Na ce akwai ƙanena, amma shi giya ce. Ta tambayi shekarunsa sa'ad da abin ya fara, da yadda yake ɗaga ƙafa. Da na gama, ta ce, "Ban gan shi ba, amma abin da ka siffanta ciwonka ne. A jini yake bi. A gida ɗaya yakan kama wani da ƙuruciya, wani da girma, wani ya tsallake shi."

Washegari da hantsi na sa aka kai ni Sabon Layi da ambulan ɗin hoton a hannuna. Na sami Nu'uman a rumfa bayan gidan Joseph, a kan keken guragu, gabansa keken ɗinki wanda Joseph ya ɗaura wa mota da maɓalli na hannu. Shekara talatin da biyu yana ɗinki a nan. Na miƙa mashi hoton, na ce ga abin da ke kaina, irin naka ne, ka yafe mani. Ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken rana, ya daɗe. Sai ya ce, "Yaya, ashe kanka da ɗan girma." Muka yi dariya har muka koma kuka. Ya ce ya yafe tun shekarar da abin ya faru, jira kawai yake in zo in karɓa.

Shi ya yafe, amma unguwa ba ta ji ba. Na kawo shi gida, na yi shiru da sauran, kunya ta hana ni. Saboda haka ina umartarku: ranar sadakar uku, lokacin da zaure ya cika, kai Mudassir ka tashi ka karanta wannan sashe da ƙarfi, kada ka tsallake kalma don ka rufa mani asiri. A gaban mutane na ɓata sunansa, a gaban mutane za a wanke shi. Nu'uman ɗan Malam Iro bai taɓa shan giya ba. Ni Sada na yi mashi ƙazafi.

Na uku. Ɗakin da ke kusa da zaure, wanda muka cire wa dokin ƙofa, na Baffanku ne muddin ransa. Na bar mashi shi cikin sulusi. Abincinsa daga tukunyar gidan nan yake, ba a aika mashi kamar baƙo. Yana son tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa sosai, ba ya son a tura kekensa ba a tambaye shi ba.

Na huɗu. Joseph ya rasu shekara uku da suka wuce. Ya riƙe ɗan'uwana lokacin da ni na sake shi, kuma ya sha zagi a kan abin da bai yi ba, domin shi ma ba ya sha. Shi ke tura Nu'uman zuwa masallacin Juma'a, ya jira a inuwa har a sallame. Matarsa Talatu tana nan. Duk kaka a kai mata gero da wake daga gonar Jibiya. Da layya cinya ɗaya tata ce. Ranar Kirsimeti ku je ku gaishe ta da kanku, kada ku aika. Keken ɗinkin da mijinta ya ɗaura wa mota, Baffanku ya ce bayan ransa a mayar wa ɗiyanta, ku cika mashi wannan.

Na biyar. Ambulan ɗin hoton yana ƙasan akwatina na ƙarfe. A bayansa Lailatu ta rubuta sunan ciwon da Turanci, ma'anarsa ƙagewar ƙafafu ta gado. Ke za ki riƙe shi, Lailatu, amma ba naki ba ne, na zuriya ne. Duk wanda ƙafarsa ta fara nauyi, ɗa ko jika, a kai shi asibiti da hoton nan da sunayenmu mu huɗu, ni da Baffanku da mahaifinmu da Gwaggo. Kada a ce sammu, kada a ce iska, kada a zargi maƙwabci. Likita ta gaya mani har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba, amma motsa jiki da maganin sassauta jijiya suna taimako, na kuwa ga amfaninsu. Ba shi ne zai kai ni kabari ba. Mahaifinmu ya haura tamanin da shi.

Na shida. Umair, kai nake nufi yanzu, ka yi haƙuri da na faɗa a gaban 'yan'uwanka. Mai zaman zaure takalma yake kallo. Wata bakwai ke nan ina ganin bakin takalminka na dama yana cinyewa kafin na hagu. Na ga ka daina ƙwallo, na ga yadda kake jira kowa ya fita kafin ka sauka daga mota. Wataƙila ba shi ba ne, Allah Shi ne masani. Ka bi yayarka a duba ka. In shi ne, ka dubi Baffanka: babu wanda ya fi shi raha a gidan nan, kuma har yau daga Daura ake kawo mashi aiki.

Sannan ka je gidan su Fiddausi, yarinyar da kake nema, kafin a sa rana, ka gaya wa mahaifinta komai, har da cewa yana iya bin ɗiya. Na yi haka da surukan Lailatu a kan auren ƙanen mijinta da jikar Gwaggonmu, suka yi shawara, suka dawo suka ce sun gode. In sun karɓe ka, sun karɓe ka da saninsu, aurenka zai zauna. In sun ƙi, haƙƙinsu ne, kada ka riƙe su a zuci. Ni dai na lura da yarinyar nan ranar da ta zo gaishe ni. Ba ta kalli kekena ba, fuskata ta kalla. Ina kyautata mata zato.

Kai kuma Mudassir, na ji ka sau biyu kana ce wa ƙanenka malalaci saboda ya ƙi hawa tsani ya sauko da yadi. Muryata na ji a bakinka. Kai mutumin kirki ne, ka riƙe shago da amana, amma kana da saurin hukunci irin nawa. Idan ɗan'uwanka ya ce ba zai iya ba, ka fara yarda, bincike ya biyo baya. Ka nemi afuwarsa yau, kada ka jira hoto.

Na bakwai. Mahaifiyarku ta ɗauke ni ta ajiye shekara goma sha biyar, ban taɓa jin tsakinta ba. Ita kaɗai ce lokacin da na zargi Baffanku ta ce mani, "Malam, yaron nan ba ya warin komai." Ban saurare ta ba. Ashe duk sallah tana aika mashi da tuwo a ɓoye, sai bayan mun shirya na sani. Kada a raba ta da ɗakinta. Duk abin da ya shige maku duhu ku tambaye ta, ta fi ni gani.

Na ƙarshe. Idan lokaci ya yi, a yi mani sutura da likkafanin da Baffanku ya yanka da hannunsa, yana cikin akwati. A kai ni maƙabartar Ɗanmarna kusa da mahaifinmu. Na san sunna ce a gaggauta da mamaci, ku gaggauta wanka da salla. Amma a hanya ku sa Baffanku a gaba, ku daidaita sawunku da juyin kekensa. Kada ya iso ya tarar an rufe.

Na yafe maku duka, abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mani. Allah Ya yi maku albarka, Ya albarkaci ɗiyanku, masu gudu da masu jan ƙafa. Ya sa ku zama inuwar juna. Ku ci abinci a faranti ɗaya ko da sau ɗaya ne a mako, ku riƙe salla, ku riƙe zumunci. Gidan Malam Iro ya taɓa rasa mutum ɗaya alhali yana raye, tsakaninmu da shi tafiyar minti goma. Kada a ƙara.

Ina tafiya raina a kwance. Alhamdu lillahi.

Mahaifinku,
Sada Iro Gobarau