Ruwan Hoda Ya Koma Ruwan Goro

Malama mai wannan fili, a taimake ni da shawara, don wani abu ya tsaya mini a rai, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa. Ban taɓa kai wa kowa kukana ba, ni ake kawo wa. Maiɗakina ce mai karanta filinki duk mako, ita ta ce tunda na ƙi jin ta kowa a gida, in gwada jin ta bare.

Bari in fara da cewa ba ni da ƙorafi a kan rayuwa, alhamdu lillahi. A sakandare na tsaya, ita ma da ƙyar. Da ninke takardu na fara a bayan wata maɗaba'a, ina zaune a ƙasa ana zubo mini shafuka ina jerawa ina ɗinkewa da waya. Yau ina da mujallar kaina, ta ɗinki da yadudduka, shekara goma sha tara tana fitowa duk wata. Teloli ke saye su ajiye a shago, mata su zo su ɗora yatsa su ce irin wannan nake so. Masu shagunan yadi kuma su sa tallarsu. Ma'aikatana shida, biyu masu digiri ne, amma har yau in takarda ta iso ni ake kira in taɓa. Bara mai kawo mana takarda ya sauya mana da marar kauri, yana ta rantsuwa iri ɗaya ce. Na murza ta tsakanin yatsu biyu na ce a mayar masa da kayansa cikin mota. Da aka auna, ni ne da gaskiya. Ba yabon kai ba ne, abin da ya faru ke nan.

Tun fitowar farko mutum ɗaya ke buga mini. Dogo muke ce masa, ya girme ni da shekara bakwai. Lokacin da na je da aikin kwafi ɗari uku kacal, manyan maɗaba'u suka ce ba za su ɓata lokacinsu ba, shi ya kunna mini inji. Shekarar da rufin shagonsa ya yi yoyo, takarduna ya fara kwashewa ya kai ɗakin kwanansa, nasa kayan ya bar wa ruwa.

Ga yadda muke aiki. A mujallar yadi, launi shi ne komai. Don haka ranar buga bangon mujalla nakan karɓo ƙyallen ainihin yadin da ke cikin hoton, in sa a aljihu in tafi. Dogo ya kunna inji ya zaro takardar farko, mu shimfiɗa ta a teburinsa ƙarƙashin ƙwan fitila, in ɗora ƙyallen a gefen hoton. In na ce a ƙara ja ya murɗa, in na ce shuɗi ya yi yawa ya rage. Muna yi muna tsiya, yana ce mini Sarkin Ƙorafi, ina ce masa injinsa ya girmi kakata. Idan launi ya zauna, sai in juya takardar in sa hannu a bayanta, ya soke ta a wata ƙusa da ke jikin ginshiƙi, sannan a saki inji. Ba a buga ko kwafi ɗaya sai da hannuna. A duk wata babu yinin da ya fi mini wannan daɗi.

To, watan jiya wata mai shagon yadi, wadda ta fi kowa daɗewa tana talla da mu, ta ba mu sabon leshi ruwan hoda a sa a bango. Na je, muka duba, mu biyu muka ce ya fito kamar ka kai hannu ka taɓa. Na sa hannu, aka buga dubu huɗu. Da aka kawo ofis, autata, wadda ta gama jami'a ta dawo tana taya ni aiki, ta ɗauki ɗaya ta fita baranda da ƙyallen. Ta dawo ta ce wai ai wannan ruwan goro ne. Na ce mata waya ce ta gama da idanun 'yan zamani. Bayan kwana uku mai shagon ta kira ni. Mata na ta zuwa da mujalla a hannu suna neman leshi ruwan goro, ita kuwa ruwan hoda ta jibge a shago, har wata ta zarge ta da ɓoye wa ƙawayenta. Ba ta yi faɗa ba, dariya ma take yi. Ni ne dariyar ba ta zo mini ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma ko maiɗakina ban gaya wa wannan ba. Na ɗauki mujallar da ƙyallen na tafi wurin Dogo. Ya fita bakin ƙofa ya daɗe yana dubawa a rana, ya dawo ya ce laifinsa ne, rawaya ta yi yawa, idonsa ya fara gajiya, in yi haƙuri. Ina tsaye, takardar da na sa wa hannu tana rataye a ƙusa, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. A ƙa'idar sana'armu, in mai aiki ya sa hannu, mai inji ya fita daga laifi. Ya sani, na sani. Ko kallon wajen bai yi ba. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Ba komai, a dai kula nan gaba." Na shiga mota na tafi.

Tun ranar ban koma ba. Auta ta karɓo samfuri daga wata sabuwar maɗaba'a, inda ake tura aiki ta kwamfuta, na'ura ce ke auna launi, kwana biyu an gama. Aikinsu ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ba ta ce mu bar Dogo ba, ajiyewa kawai ta yi a teburina. Ni ne na fara tunanin komawa can, tunda ba sai wani ya je ya sa hannu ba. Maiɗakina kuma ta samu abin yi, wai sau biyu ina fita da safa ƙafa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya. Ni dai na san garau nake gani, lambar mota tun daga nesa nake karanta ta. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ci da idonsa, ba a kan safa za a yanke masa hukunci ba.

Saura kwana tara a buga bangon wata mai zuwa. Rabin aikin shagon Dogo nawa ne. Ta yaya zan janye daga wurinsa ba tare da na ci masa fuska ba? Ko in zauna, in ya so abin da zai faru ya faru?

Naki,
Tsohon mai ninke takarda

Amsa:

Yallaɓai, sannu da ƙoƙari, kuma a gaishe mini da uwargida, ta san inda ta turo ka. Tambayarka ita ce yadda za ka bar Dogo, amma da na karanta sau biyu sai na ga ba sabuwar maɗaba'a ce ta hana ka sakat ba. Takardar nan ce da ke rataye a ƙusa, kuma ko ka kai aikinka bangon duniya tana nan inda take.

Saboda haka gobe da safe ka je. Ka ciro ta da hannunka, ka juya bayanta, ka ce masa ku biyu kuka duba, kai ka sa hannu. Maganar ba za ta ci minti ɗaya ba. Mutumin da ya rufa maka asiri alhali hujja na gabansa ba zai yi maka dariya ba. Girmanka kuma ba zai ragu ba, wanda ya taso daga ƙasa ya gina abin da ka gina ba ya faɗuwa don ya ce na yi kuskure.

Batun ido, ni ba likita ba ce, amma hangen nesa daban, rarrabe launi daban, kuma shekaru sukan taɓa na biyun mutum bai sani ba. Ka je asibitin ido, ka ɗauki Dogo a motarka ku tafi tare, tunda shi ya riga ya amsa nasa. Sau da yawa abu ne mai gyaruwa. A hanya ku sayi ƙwan fitila mai farin haske, don mai yiwuwa na kan teburin nan ma yana da nasa kason laifin.

Amma fa Auta ma tana da gaskiyarta, ko da ba ta buɗe baki ba. Mujalla ba zumunci kaɗai ba ce. Akwai bakuna shida da ke ci a ciki, akwai teloli, kuma mai shagon da ta yi dariya wannan karon ba lallai ta yi a karo na biyu ba. Sauya maɗaba'a ba cin amana ba ne idan aiki ne ya sa. Gudun sa hannu ne bai isa dalili ba.

Ga abin da nake gani. Wannan watan da mai bi masa ku buga a wurin Dogo. Auta ta bi ka, a fito da takardar farko bakin ƙofa a duba ta a hasken rana, ita ta sa hannu. Kai ka riƙe zaɓen takarda da cinikin masu kawo kaya, a nan babu mai ja da kai. Idan launi ya dawo daidai, magana ta ƙare. Idan bai dawo ba, ka zauna da shi ka faɗa masa gaskiya, bango ya koma sabon wuri, shafukan ciki su zauna a hannunsa, ka kuma ba shi lokaci ya shirya. Abin da kawai ban yarda ba shi ne ya ji labarin a bakin wani.

Kada ka jira kwana taran su cika, irin wannan magana kullum ta kwana nauyi take ƙarawa. Allah ya ƙara wa mujalla albarka, ya ba ka lafiya kai da abokinka, ya sa yarinyar nan ta ɗora daga inda ka kai.