Roƙon Baba Jaji da Ban Kai Majalisa Ba

Zuwa ga Yaya Bukar a Jos,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aikin kuza? Ina Yaya Falmata da yara? Mu nan Potiskum lafiya lau.

Bayan haka, unguwarmu ta cika da baƙi, har aka ce mu kai buƙatunmu majalisar gari gaban Di'o, jami'in mulkin gunduma. Ni aka zaɓa saboda na iya rubutu. Ngizim suka ce rijiya, Fulani suka ce burtali. Baba Jaji, dattijon Karekare, ya yi dogon bayani da yarensu. Ban gane ba, amma girman kai ya hana ni tambaya, na rubuta "hanya".

Ashe filin maƙabarta ya roƙa, ga shi an riga an rabe filayen unguwar kaf. Makon jiya matarsa ta rasu, dole suka ɗauki gawarta a kafaɗa har ƙauyensu. Da na je ta'aziyya, ya riƙe hannuna, ya ce ta bakin ɗansa, "Ka yi ƙoƙari, Malam, 'yan majalisa ne suka hana."

Yaya, na kasa gaya masa gaskiya. Ka taya ni addu'a Allah ya ba ni ƙarfin zuciyar komawa gidansa. Ka gaishe da Kawu Modu.

Ƙaninka,
Adamu