Faya-fayan da Ruwa Ya Goge wa Suna

Zuwa ga ɗana Ba'ana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Khairunnisa da yara kuna lafiya. Mu nan Gwange alhamdulillahi, sai gwiwar nan tawa.

Na samu saƙonka cewa ranar Asabar wani zai zo ya kwashe faya-fayan waƙoƙin Turawa na babanka, ya rataya a bangon gidan abincinsa don ado. Ka ce masa kada ya ƙona mansa a banza. Na san hujjarka. Ambaliya ta jiƙa kwalayen, ta ɗaye takardun da ke ɗauke da sunaye, littafin da ya rubuta tarihin waƙoƙin ya zama kunu, shi kuma Allah ya karɓi abinsa. Ka ce yanzu ba mai bambance wannan da wancan. Akwai. Ni ce.

A aji huɗu na tsaya, Turanci kuma ba na ji. Amma shekara talatin da takwas babanka bai taɓa ɗora allura a kan faifai ba sai ya fara ba ni labarin waƙar, ko ina tankaɗe ko ina wanki. Har tsiya nake masa cewa labarin ya fi waƙar tsawo.

Da na fita takaba na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na jera a inuwa. Maƙwabciyarmu ta shanya bakwai a rana don ta taimake ni, suka lanƙwashe kamar gurasa. Sauran lafiya ƙalau. Baba Obadiah, wanda suka yi gyaran rediyo tare da babanka, zai kawo garmahonsa daga Jiddari Polo. Ka ba ni wata guda. In na kasa, mai gidan abincin ya zo.

Ka gaishe min da kowa.
Mahaifiyarka, Yakura.

Zuwa ga ɗana Ba'ana,

Assalamu alaikum. Ina fata zazzaɓin ƙaramarku ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Mun gama jiya da la'asar. Obadiah yana sa faifai, ni ina faɗin labari, shi kuma ya tuno sunan ya rubuta a sabuwar takarda ya manna. Akwai wadda mawaƙin ya yi wa ƙanensa da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Akwai wadda aka ɗauka mai ganga yana fama da mura, in ka kasa kunne kafin jita ta shigo za ka ji tarinsa. Obadiah bai taɓa lura da tarin ba, sai da ya maimaita sau uku. Mun yi gardama a kan wata, ya ce 'yan Amurka ne, na ce babanka Madu ya ce 'yan Ingila ne masu kwaikwayon Amurkawa. Ya duba a wayarsa, ya ga haka ne, ya nemi ƙarin shayi.

Ranar farko na yi kuka sosai, ba zan ɓoye maka ba. Allura na sauka sai na ji kamar babanka zai yi gyaran murya daga zaure.

Guda ɗaya ce ta gagare mu. Mace ce ke rerawa a hankali, Obadiah bai san ta ba, babanka kuma bai taɓa ba ni labarinta ba. Abin da na sani kawai, ita ya sa ranar da aka sallamo mu daga asibiti da kai, ya ɗauke ka yana zagaya ɗaki, ko uffan bai ce ba. Na ce wa Obadiah ya rubuta haka. Ya ce wannan ba tarihin waƙa ba ne. Na ce shi ne wanda muke da shi, ya rubuta.

Na ware maka ita. Sauran suna nan tare da ni. In ka zo sallah za ka zauna ka ji labari tukuna, sannan a ɗora allura.

Ka gaishe da iyali. Allah ya yi muku albarka.
Mahaifiyarka, Yakura.