Ƙafar Tela a Kan Totur

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, Baban yara kuma ya fara riƙe cokali da kansa.

Abin da aka gaya miki gaskiya ne, ba sharri aka yi mini ba. Ni ce aka gani a motar koyon tuƙi, da shekaruna hamsin da huɗu, da tabarau a kan hanci. Mai kawo miki labarin ma ya rage, sau biyu na hau dakalin bakin titi, ba sau ɗaya ba.

Ga dalili. Tun da ɓarin jikin Baban yara ya shanye, sau uku a mako ake kai shi asibiti gashi. Motarsa tana tsakar gida a lulluɓe da tamfol. Mutumin da ya shekara talatin yana jan babbar mota, yanzu sai dai ya kalle ta ta taga. Masu haya kuwa yau su zo, gobe su ce unguwarmu ta yi nisa, har zuwa huɗu muka rasa a watan jiya. Shi ne ƙaninsa Akawu ya zo ya zauna a falona, ya sha ruwana, ya yanke hukunci: zai ɗauke yayansa ya mayar gidansa kusa da asibiti, har da motar, ni kuma in riƙa leƙawa. Leƙawa, Yaya! Mijina na shekara talatin da biyu, sai na yi sallama a ƙofar wani kafin in gan shi? Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe, zan ajiye masa lasisi a kan teburin nan. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya yarda.

Matsalata ɗaya ce, ƙafata. Tun ina budurwa take taka keken ɗinki, dunduniya da yatsu, sama ƙasa, sama ƙasa. Da na ɗora ta a kan totur sai ta ɗauka ɗinki aka kawo, motar ta yi ta zabura tana tsayawa har haƙoran malamina suna haɗuwa. Sannu-Sannu ake kiransa, don ba shi da wata kalma sai ita. Ya ce bai taɓa ganin mai yi wa titi ɗinki ba sai ni.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya gida, yaya ƙafar taki? Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na biyun da ɓacin rai.

Haba Yaya! Har da ke? Wai in yi haƙuri, in bar maza su yi abin da ya dace, kada in kashe kaina in kashe marar lafiya. Ke da kika koya mini hawan keke a bayan gidanmu, kika sake ni na faɗa kwata, kika ce in tashi in sake? Ban daina ba, kuma ba zan daina ba.

Na rufe keken ɗinkin kwana goma sha biyu ke nan. Masu kaya sun yi ta mita, na ce su je su dawo. Alamomin hanya na zana su da allin ɗinki a bangon shago, ina haddacewa kamar ɗaliba. Ribas na iya, shataletale ma ya daina tsorata ni, sai dai har yanzu nakan manta sigina a kunne.

Maganin ƙafar kuwa daga Baban yara ya fito. Kin san magana tana yi masa nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi. Rannan da hantsi ya nuna mini soson wanke-wanke, ya sa na ajiye shi a ƙasa gaban kujerarsa, na ɗora ƙafa. Da sandarsa ya danne mini dunduniya. In na taka soson a hankali ya gyaɗa kai, in dunduniyar ta ɗaga ya ƙwanƙwasa mini idon sawu. Kullum haka muke yi bayan karin kumallo. Idon sawuna ya kumbura, amma tun da ciwon nan ya same shi ban ga idonsa ya yi haske irin na lokacin ba. Rannan har ya yi mini tsaki, wallahi na ji daɗin tsakin nan.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Akawu ya riga ya sa an yi wa ɗakin baƙinsa fenti. Jarrabawar ranar Laraba ce, kwana biyu kafin wata ya ƙare.

Ki isar da gaisuwata ga maigidanki.

Taki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, jiki kuma da sauƙi.

Na faɗi. Gara ki ji daga bakina.

Komai ya tafi daidai, har mai jarrabawar ya daina riƙe ƙofa. Sai muka zo gangaren da ake tsayawa a tashi. Na ja birkin hannu, na sa giya, ina ɗaga kuloci a hankali, sai wata babbar mota ta danna mini hon a baya. Ƙafar nan ta manta soso, ta koma ɗinki. Motar ta zabura ta mutu, na tayar, ta sake mutuwa, har sau uku. Mai jarrabawar ya yi rubutu a takardarsa. Sai bayan mako uku za a sake ba ni rana.

Na yi kuka, amma a cikin motar Sannu-Sannu na yi shi na gama, ban kai shi gida ba. Da na share ido na tambaye shi ko akwai dokar da ta ce dole a kusa da makarantar tuƙi za mu riƙa zagaye. Ya ce babu. Na ce to daga yau darasina Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe takwas, hanya kuma hanyar asibiti, da fasinja a baya. Ya kalli birkin da ke ɓangarensa, ya ce ya amince.

Ranar Juma'a Akawu ya iso da motarsa, da matarsa a gaba, har da jakar da za a zuba kaya. Ya tarar da motar koyo a ƙofar gida, ni a sitiyari. Ya tuna mini alkawari. Na ce lasisi ban samu ba, wannan gaskiya ne, mukullin motar yayansa ga shi ya ɗauka in ita yake so. Amma mutum ba kaya ba ne, ya tambayi yayansa.

Baban yara ya fito yana dogara sanda. Akawu ya buɗe masa ƙofar motarsa, har ya gyara masa matashi. Yaya, daga zaure zuwa titi taku goma ne, ya yi su cikin minti biyar. Ya zo daidai ƙofar da aka buɗe masa, ya dafa kafaɗar ƙaninsa ya huta, sannan ya wuce. Da hannunsa mai lafiya ya buɗe bayan motarmu ya shiga. Na kalle shi ta madubi, ya ɗaga mini haɓa, wato mu tafi.

Sau biyu ta mutu mini a hanya, mun makara da minti goma, ma'aikaciyar asibitin ta yi mana faɗa. Da muka dawo a kujerarsa ya zauna, a falonsa, na kawo masa ruwa a kofinsa.

Kada ki ƙara aiko mini da haƙuri, ina da shi da yawa. Addu'a nake so. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki da ba ta jin magana,
Auta