Rigar da Ke Kan Keke

Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Ya jikin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi.

Mun sauka lafiya, amma ƙanwarka Auta ba ta bar ni na huta ba. Jiya ta kai ni tsohuwar ganuwa, muka hau hasumiya har gwiwoyina suka yi ƙara. Daga sama rufin gidaje kamar an shanya wanki. 'Yan mata sai hoto suke ɗauka, ko kallon ginin ba sa yi. Na fara magana, Auta ta ce, "Mama, a bar wa'azi yau, hutu muka zo."

A bakin kogi ta saya min gasasshen kifi da burodi mai zafi. Ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba, sai dai a tsaye ake ci kamar awaki.

Gidan tarihi ya fi burge ni. Fasasshiyar tukunya ce a cikin gilashi, har da mai gadinta. Na miƙa hannu, ya ce, "Iya, ido kawai." Na sa masa albarka. Ashe akwai sauran masu ganin girman na gaba.

Auta ta dage mu ƙara kwana. Ban san ƙus-ƙus ɗin da kuke yi a waya ba, da na matso sai ta kashe. In ka biya ta gida ka buɗe tagar ɗakin ɗinkin marigayi mahaifinku, ka ɗiga wa keken ɗinkinsa mai. Kada yara su taɓa rigar da ke kansa.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifiyarka.

*

Babana,

Gaisuwa wajibi ce, shi ya sa na fara da ita. Ina fatan kana lafiya, tunda ƙafarka ta manta hanyar gidana tun da na dawo.

Na tarar an yi wa ɗakin mahaifinku fenti, an fasa masa ƙofa ta titi, wani baƙo yana sayar da wayoyi a ciki. Babu keke, babu teburin yanka, babu kujerar da nake zama in taya shi hira. Maƙwabciya ta ce motar kwasar kaya ta zo ranar da nake saman hasumiya ina yaba hankalin 'ya'yana.

Auta ta faɗa min komai tana kuka. Wai kun ga zaman ɗakin yana sa ni hawaye, kuma kun san in ina nan ba zan yarda ba. Hawayen nawa ne, ban roƙi kowa ya share min su da tsintsiya ba. Kun kai ni in kalli yadda baƙi ke gadin fasasshiyar tukunya, ku kuna nan kuna watsi da gumin mahaifinku. Da guminsa ka yi karatu. Kifin nan har yau yana tsaye min a wuya.

Rigar da na ce kada a taɓa, a bayan gida na tsince ta. Masu fenti sun goge hannu da ita. Ba ka taɓa tambayar ko ta wane ne ba. Taka ce. Ita mahaifinku yake ɗinkawa ciwo ya kwantar da shi, ya ce kada in gaya maka sai ya gama.

Na wanke ta, fentin ya ƙi fita. Ga ta nan a ƙunshe tare da wannan takarda. Hannu ɗaya ne babu, a nan allurarsa ta tsaya. Ka nemi wanda zai ƙarasa maka.

Ka gai da jikokina. Su ba su yi min komai ba.
Mahaifiyarka.